Vernon Ya Iya Yaren Mata

Mijin yayata, Vernon Stoltz, shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a garinmu, kuma tun ranar da ya ajiye jakar aiki bai sami inda zai sauke bakinsa ba sai a kanmu. Ni ce Dot, mai gidan abincin da ke kallon gidan mai a babban titi, saboda haka ni nake fara shan surutunsa kowace safiya, tun kofi bai gama tafasa ba.

Teburin jikin taga na dattawan gari ne. Su biyar ne, kowa da kujerarsa da hularsa. Ƙarfe shida suke zuwa, tara suke tashi. Awa uku cur baki bai huta ba, amma in ka tambaye su abin da aka tattauna sai su ce ba komai, ai su maza ba su da surutu.

Wata Litinin a watan Yuni Vernon ya shigo da ɗan littafin rubutu mai jan bango a aljihun gaba, yana tafiya kamar wanda aka ba lambar yabo. Ashe ranar Asabar coci ta kai ma'aurata wani taron gyaran aure a birni, na yini guda. Vernon ya zauna har aka ci abincin rana, sannan ya ce ya gane sauran, ya fito ya jira yayata Lorraine a mota.

"Dot, ƙanwata, zuba mini kofi ki zauna ki ji abin da zai amfane ki."

"Ina da ƙwai a wuta."

"Kun ji ko?" Ya juya ga teburin. "Ta ce tana da ƙwai a wuta. Namiji zai ɗauka maganar ƙwai take yi. Abin da take nufi shi ne ba a yaba wahalarta a garin nan."

"Abin da nake nufi shi ne ƙwan zai ƙone."

"Shi ma wannan yana da tasa fassarar."

Ya zauna ya baje musu ilmin. Maganar namiji, in ji shi, kamar katin gaisuwa ce da ba a sa a ambulan ba, kowa ya ɗauka ya karanta. Maganar mace kuwa wasiƙa ce a manne, abin da ke rubuce a baya adireshi ne kawai, saƙon yana ciki. To wa ya fi mai raba wasiƙu sanin ambulan? Ya ce ya riga ya tara kalmomi sittin da biyu da fassararsu, kuma kafin hunturu zai buɗe aji a zauren 'yan kwana-kwana, mazan yankin nan kaf su zo su koya.

Curtis mai gidan mai ya ce, "Lorraine ta san ka iya?"

"Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ba ta taɓa cewa ban fahimce ta ba."

Na leƙo daga kicin na ce, "Ta faɗa. A gabana ma ta faɗa, ranar Kirsimeti."

"Ta faɗa da baki," in ji Vernon. "Ba shi take nufi ba."

Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai za mu sha. Amma akwai Orville Bakken a teburin.

Orville manomin masara ne, dogo, mai manyan hannuwa. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, kuma tun can dama maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba. Wajen shekara guda ke nan kowa yana ganin motarsa a ƙofar gidan Marlys Hruska. Yau ya gyara mata ƙyaure, gobe ya yanke ciyawa, jibi ya canja mata man mota. Ita kuma ta zuba masa abinci, su ci, ya sa hula ya tafi. Marlys shekara talatin ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma har yau akwai ƙattin maza masu gemu a garin nan da in ta kalle su sai su gyara zama.

Ran nan Orville ya daɗe yana kallon cikin kofinsa, sannan ya ce, "Marlys ta ce ƙila ta koma can jihar Arizona mai nisa, wajen ƙanwarta. Bayan bikin baje koli za ta ba da amsa."

Kowa ya san abin da maganar take nufi ga Orville.

Can Curtis ya ce, "Akwai zafi can."

Wani ya ce, "Amma busasshen zafi ne."

Orville ya gyaɗa kai. A wajensu an yi jaje ke nan, an kuma karɓa.

Vernon kuwa idonsa ya yi haske. Ya jawo kujera ya dafa kafaɗar Orville. "Mutumina, Allah ne ya kawo ni a kan lokaci. Mace ba ta cewa Arizona don tana son Arizona. Ka ba ni wata biyu. In ba a ɗaura muku aure kafin girbi ba, ka canja mini suna."

Na ce, "Orville, ka ci ƙwanka ka tafi gona."

Amma mutumin da tsoro ya kama ba ya zaɓen mai ba shi shawara. Orville ya kalli jan littafin kamar wanda ya ga magani.

Ba a yi mako ba aka tafka ruwan sama kwana biyu a jere. Da safe suna zaune wayar Orville ta yi ƙara, kuma da yake muryar Marlys ba ta buƙatar waya, duk muka ji.

"Orville, injin jan ruwa na ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya mutu. Ruwa ya kai idon sawu. Taho da kayan aikinka."

Ya miƙe zumbur. Vernon ya riƙe masa hannun riga.

"Zauna. Ga kuskuren maza na farko nan. Mace ta kawo kuka, namiji ya kawo sifana. Ba gyara take nema ba, kunne take nema."

"Ta ce ruwa."

"Ruwa hawaye ne. Shafi na huɗu."

Ya raka shi har mota, ya sauke akwatin kayan aikin da hannunsa ya ajiye mini a bayan kanta, sannan ya rubuta masa jimla biyu a tafin hannu.

Sauran labarin daga bakin Marlys na ji shi, da ta shigo da la'asar, wandonta jiƙe har gwiwa. Ta ce tana tsaye cikin ruwa da bokiti, sai ga Orville ya sauko, ya zauna a kan matakala ta uku, ya ɗora hula a gwiwa, ya duba tafin hannunsa.

"Lallai wannan abu ya taɓa miki rai. Ba ni labari, ina saurare."

"Ina akwatin?"

Ya sake duba hannu. "Yaya kika ji a lokacin da kika ga ruwan?"

"Na ji jiƙa, Orville. Ina akwatin?"

Hannun ba shi da jimla ta uku, sai ya koma ta farko. Kafin mai gyara ya iso daga garin gaba, ruwa ya shiga injin firji, naman rabin saniya da ta ajiye don hunturu ya lalace.

"Dot," ta ce da ni, "ko dai tsufa ne ya fara taɓa shi?"

Na so in tona, amma Orville ya roƙe ni da idonsa tun da safe, kuma na ɗauka wannan kaɗai ya isa ya farkar da shi. Na yi kuskure. Washegari da ya ba da rahoto a teburi, ya ce ta kore shi, har ta jefa bokiti, Vernon tafa hannu ya yi.

"Ta yi fushi? Madalla. Ambulan ya fara buɗewa."

Mataki na biyu, in ji malamin, shi ne Orville ya koyi yaren da kansa. Suka mayar da ɗakin ajiyata makaranta, tsakanin buhunan dankali. Ina wanke-wanke ina jin su. Mata, wai, ba sa cewa abu ja ne ko shuɗi, sai sun ba shi suna. Ba sa cewa abu ya yi kyau sai sun ƙara "ƙwarai da gaske". Kuma kowace magana sai sun rufe ta da 'yar tambaya, don kada mai sauraro ya ji an bar shi a baya.

"Maimaita. Wannan riga ta burge ni ƙwarai da gaske, ko ba haka ba?"

"Wannan riga ta burge ni."

"Ƙwarai da gaske."

"Wace riga?"

"Kowace riga, Orville. Saki fuskarka. Karkata kai kaɗan."

Na buɗe ƙofa na ce, "Vernon, ni mace ce shekara sittin da uku, ban taɓa magana haka ba."

"Ke a cikin maza kika tashi, ƙanwata. Yarenki ya gurɓata."

Ranar Lahadi bayan coci Marlys ta huce, ta gayyaci Orville cin abinci. Ya zauna, ya ƙura wa taga ido, ya karkata kai, ya saki rabin fuska, don rabin kaɗai ya iya saki.

"Kai, wannan labule ya ƙayatar ƙwarai da gaske. Launin ruwan ƙwai ne mai ɗan duhu-duhu, ko ba haka ba? Har ya sanyaya mini zuciya."

Labulen shekararsa goma sha tara a wurin. Marlys ta ajiye cokali a hankali. Matar da duk shekara ake koya wa taimakon gaggawa saboda yaran mutane, ta san alamun shanyewar ɓarin jiki in ta gan su.

"Orville, ɗaga hannuwanka biyu sama."

Ya ɗaga.

"Yi murmushi. Duka bakin. Wace shekara muke ciki?"

Ya faɗi shekarar daidai, amma da yake ɗalibi ne mai biyayya sai ya ƙara da, "ko ba haka ba?"

Ba ta sake tambaya ba. Ta tura shi mota, ta yi gudun da ba ta taɓa yi da yaran makaranta ba, mil arba'in zuwa asibiti. Awa huɗu suka yi. Aka ɗauki hoton kansa, aka ɗebi jini, aka haska masa fitila a ido. Likita ta ce lafiyarsa ƙalau, ta tambaye shi ko ya fara shan wani sabon magani. Ya ce a'a.

Kafin Litinin labari ya zaga gari. Matan coci biyu suka kai wa Orville tukunyar miya. Curtis ya tarbe shi a teburi da, "Sannu da jiki. Wannan hula taka launin me ce, don Allah? Ta sanyaya mini zuciya."

Vernon bai girgiza ba. "Mace ta tuƙa ka mil arba'in, ta zauna awa huɗu a kan benci saboda kai. Wane namiji a teburin nan aka yi wa haka kwanan nan? Aikina yana ci."

Yana cikin wannan bayani Lorraine ta turo ƙofa. Yayata mace ce mai sanyin murya, ba ta gaggawa ko da gobara ake. Ta fito daga kantin magani ne, da 'yar jakarta a hannu.

"Vernon, motarka tana tafiya."

Vernon ya ɗaga yatsa. "Ku lura da kyau, ga darasi ya kawo kansa. Mota ita ce aurenmu. Tana nufin rayuwa tana wucewa ban kai ta ko'ina ba."

"Baya-baya take tafiya."

"Wato ta tuna kuruciyarmu. Lorraine, na ji ki. Bazara mai zuwa zan kai ki bakin tafki."

Curtis ne ya fara waiwayawa wajen taga. Ya miƙe da kofi a hannu yana kallon a-kori-kurar Vernon, wadda bai ja wa birki ba, tana gangarawa a nutse, ta tsallaka titi, ta hau dakalin gidan mai, ta rungumi injin ƙanƙarar Curtis. Ƙarar ta kai har coci. Ƙanƙara ta watsu a titi.

"Yanzu ta tsaya," in ji Lorraine. Ta ja ƙofa ta tafi.

Curtis ya ce, "Vernon, duba mini littafin. Injin ƙanƙara kuma me yake nufi?"

Motar ta tafi wajen makanike, aka ce sai ta yi wata biyu. Vernon ya koma bin motar Lorraine. Ya ce wannan ba ya cikin lissafi, don duk ilmi yana da abin da ya keɓanta.

A farkon Agusta aka kafa allon sayar da gida a ƙofar Marlys. Ranar Laraba ta ƙarshe kafin biki ta shigo gidan abincina, ba ta zauna ba, ta tsaya a kan Orville a gaban kowa. Dattawa biyar suka gyara zama.

"Orville, ban san abin da ya same ka ba wata biyun nan. In kana da magana, ka zo kicin ɗina ka faɗa mini, ni da kai. Ba na son taro. Ba na son biki. Kada ka kawo mini fure, atishawa yake sa ni. Ranar Lahadi zan kira ƙanwata."

Ta juya ta fita. Ƙofa ba ta gama rufuwa ba Vernon ya zaro biro.

"Taro. Biki. Fure. Ta ma jera mana su bi da bi. Ban taɓa ganin mace mai sauƙin karantawa irin wannan ba."

Wannan karon ban yi shiru ba. Na tare Orville a bakin motarsa.

"Ka ji abin da ta ce da kunnenka. Kicin. Kai da ita. Ka je yau."

Ya daɗe yana murza hularsa. "In na je, me zan ce?"

"Abin da ke ranka."

"Ai shi ne ban san sunansa ba, Dot. Da marigayiya ita ce ta faɗa, ni na ce to." Ya kalli taga, inda Vernon yake ta rubutu. "Shi ko ba komai yana da kalmomi."

Na kira Lorraine na gaya mata. Ta ce ta riga ta ce wa Vernon ya fita harkar mutane, shi kuma ya gode mata da ƙarfafa gwiwa.

Filin baje kolin yana mil goma sha ɗaya daga gari. Shekara da shekaru Vernon ne mai sanarwa a dandalin gasar shanu, don ba wanda yake son aikin, shi kuma ba wanda ya isa ya raba shi da makirufo. Ranar Asabar da rana tsaka benayen 'yan kallo suka cika, mutum wajen ɗari huɗu. Ni da Lorraine muna layin gaba, tana cin gugguru.

Da aka gama ba da kyautar karsana, Vernon ya gyara murya. Ya ce kwamiti yana son karrama wata baiwar Allah da ta yi shekara talatin tana kai yaranmu makaranta, Marlys Hruska ta fito. Aka yi tafi. Marlys ta sauko tana harare-harare, ta tsaya a tsakiyar dandali.

Sai ga Orville daga ƙofar shanu, cikin kwat ɗin da ya yi aure da shi, wanda ya daina rufuwa tun tuni. Ya rungumo damin fure mai bin rana, wanda Vernon ya yanko a bakin hanya, har ba a ganin fuskarsa. A ɗaya hannun takarda shafi biyu.

Marlys ta yi atishawa ta farko tun yana taku goma da ita.

Vernon ya kai masa makirufo baki. Abin da lasifika ta watsa shi ne numfashi da motsin takarda. Orville ya kalli mutum ɗari huɗu, mutum ɗari huɗu suka kalle shi. Karsanar da ta ci gasa, wadda ba a riga an fitar ba, ta miƙo wuya ta fizgi fure uku ta hau tauna. Marlys ta yi atishawa ta huɗu, ta yi ta biyar, idonta ya kaɗa.

"Karanta," in ji Vernon, ya manta kowa yana ji. "Durƙusa ka karanta. Kai, kawo in nuna maka."

Ya fizge takardar, ya zube gwiwa ɗaya a ƙasa a gaban Marlys, ya dafa ƙirji. Kuma gaskiya Vernon yana da murya.

"Marlys, hasken idona. Shekara da shekaru ina wucewa ta ƙofar gidanki, zuciyata tana bugawa, bakina ya kasa furtawa."

To, duk wanda ke wurin ya san wanda ya yi shekara talatin da huɗu yana wucewa ta ƙofar gidan Marlys kowace safiya, kuma ba Orville ba ne. Wasu daga garuruwan gefe suke, ba su san da wani shiri ba. Guna-guni ya tashi.

"Na gaji da zaman kaɗaici a gidan da ba mai fahimtata. Na gaji da cin abinci ba ɗanɗano."

Kawuna suka fara juyowa layin gaba. Wata tsohuwa a bayanmu ta dafa kafaɗar Lorraine ta ce, "Sannu, 'yar nan. Ki yi haƙuri."

Na ce, "Yaya, in je in kashe lasifikar?"

"Bar shi ya kai ƙarshe," ta ce, ta jefa gugguru a baki. "Ban taɓa sanin ya iya irin wannan ba."

"Ki amince ki zama tawa," in ji Vernon, muryarsa har rawa take, "mu ƙarasa sauran kwanakinmu tare, ko ba haka ba?"

Curtis ya ɗaga murya daga sama: "Vernon, ita Lorraine ɗin a wane shafi take?"

Dariya ta fashe har shanu suka firgita. Sai a lokacin Vernon ya waiwaya ya ga yadda ake kallonsa. Ya fara nuna Orville da takardar yana cewa a madadinsa ne, a madadinsa ne, amma ba mai ji.

Marlys ta share hanci ta ce, "Tashi, Vernon. A kan kashin saniya ka durƙusa."

"Jama'a, abin da take nufi shi ne..."

"Kashi nake nufi."

Ta karɓe damin furen ta miƙa wa karsana, ta kama hannun kwat ɗin Orville ta ja shi waje, bayan garken tumaki, inda ba kowa. Vernon ya bi su da sauri yana ɗingishi, don kada ɗalibinsa ya yi ɓarna ba malami a kusa. Makirufon marar waya ne, yana hannunsa, kuma bai kashe ba. Mu da ke benaye ba ma ganinsu, amma ko numfashinsu muna ji.

"Wa ya rubuta takardar nan?"

"Vernon."

"Maganar labule fa?"

"Vernon."

"Ranar ruwa?"

"Shi ne ya sauke akwatin."

"Orville Bakken, shekara guda kana zuwa kana gyara mini ƙyauren da lafiyarsa ƙalau. Ina jin ka sarai, jira kawai nake ka ƙarasa. Sai ka je ka ɗauko tafinta, na daina gane ko kalma ɗaya. Yanzu ba takarda. Faɗi da bakinka."

Tunkiya ta yi kuka a lasifika. Mai sayar da lemo ya tsaya da kofi a hannu. Na ji Lorraine ta daina tauna.

"Garejina," in ji Orville. Ya tsaya. "Yana cin mota biyu."

Muka ji raɗar Vernon, ƙato-ƙato a lasifika: "Shi ke nan, ya ɓata komai. Maganar mota yake yi."

"Gefen hagu cike yake da tarkace," in ji Marlys.

"Zan kwashe."

"Yaushe?"

"Gobe."

"To. Oktoba, bayan girbi. Kuma karena ba ya kwana a waje."

"Akwai wuri kusa da murhu."

"Shi ke nan."

Tafin da ya tashi daga benaye shi ya sanar da su cewa duk yankin ya halarci zancen. Muka ji Marlys ta ce, "Ba ni abin nan," sai wani ƙara kamar an jefa dutse a rijiya, lasifika ta mutu. A kwamin ruwan tumaki aka tsamo makirufon daga baya.

Vernon ya dawo dandali da kore shar a gwiwar wandonsa, yana ɗaga hannu yana karɓar tafin da ba nasa ba. Ya tsaya gaban layinmu yana haki.

"Na ce kafin girbi, an sami bayan girbi. Mako biyu ne tsakani. Duk wanda yake son shiga aji ya ba Dot sunansa."

Lorraine ta naɗe takardar gugguru, ta sa a jaka, ta zaro makullin motarta.

"Abincin da ba ɗanɗano," ta ce.

"Na Orville ne, Lorraine. Salon rubutu ne."

"Na sani. Ni na tafi gida. Kai ka taho da ƙafa."

Ta raɗa mini magana ɗaya a kunne, ta wuce a nutse kamar kullum. Vernon ya bi ta da kallo yana murmushi, sannan ya juya ga mutanen da suka taru.

"Kun gani? Kishi ne, kuma kishi so ne. Tana nufin in same ta a bakin ƙofar fili, mu tafi mu biyu."

Ya je bakin ƙofa. Ya tsaya minti arba'in. Ya zaga wurin ajiye motoci sau biyu. Ya nemi Curtis, Curtis ya ce kujerarsa ta gaba cike take da ƙanƙara.

Wajen ƙarfe biyar na rufe rumfar abincin da na kafa a filin, na kamo hanya. A mil na uku na hango shi a gefen titi, tsakanin gonakin masara, kwat a kafaɗa, rana tana dukan ƙeyarsa. Da ya gane motata ya hau ɗaga hannu. Na rage gudu, na sauke gilashi, na miƙa masa gorar ruwa.

"Allah ya yi miki albarka, ƙanwata. Buɗe mini."

"Yaya ta ce kada in ɗauko ka."

Ya yi dariya, ya kama hannun ƙofa. "Haba Dot. Ai kin san abin da take nufi."

"Ina fa zan sani? Kai ka ce yarena ya gurɓata. Ni yadda ta faɗa haka na ji."

Na ɗaga gilashi na ba mota wuta. Saura mil takwas.